Jaridar Gwaggo Hinda

Har in koma ga Mahaliccina, ranar Larabar da muka yi aiki a Gangara ba za ta fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ku saurara.

Aikinmu shi ne bin gidajen tsofaffin sojan da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin duniya na biyu, muna aron jaridu da takardun da suka dawo da su. A shimfiɗa kowace ƙarƙashin gilashi, a ɗauki hotonta, hoton ya shiga ordinatar, wato kwamfuta, sannan a mayar wa mai ita kafin la'asar. Ni Tabawa ban taka ƙofar lakol, makarantar boko, ba, amma buro, wato ofishinmu, bai yi kuskure da ya ɗauke ni ba. Takardun nan a ɗakunan mata suke, inda namiji ba ya shiga, kuma ba tsohuwar da za ta buɗe adakarta don an nuna mata takarda mai hatimi. Fuskata ce hatimin. Tunda ba na karatu, kowane gida da kalar zarensa nake ɗaure kayansa.

Ranar, bayan girbi ne, na karɓo daga gida biyu. Jan zare na Gwaggo Hinda, wadda aka tafi da mahaifinta tana goye, bai dawo ba. Abokinsa ne ya kawo wa uwarta jarida guda mai hoton sojoji a jere, ya nuna na uku ya ce ga shi nan. Tana cikin adaka, naɗe da ƙyalle da kanumfari. Da ta miƙo mani sai ta riƙe hannuna ta ce, "Tabawa, wannan ita ce kabarin babana. Ban san wani ba." Baƙin zare kuwa na Alhaji Iro ne, wanda nasa uban ya dawo lafiya da jaridu tuli. A jikin azarar madafa suke a soke.

Na kai wa shugabanmu, Malam Laminu, a zauren mai gari, na tafi alwala. Kafin in dawo ya kwance zaren duka, ya jera jaridun bisa kwanan wata, tunda haka ordinatar ke so. A nan ya ga abin da ban sani ba: jaridar mai hoton nan guda biyu ce, bugu ɗaya. Ɗaya tsaf, ɗaya kuwa fuskar soja na uku ta goge, sai fari fat.

Na ce, "Malam, ina zarena?"

Ya ce, "Inna, kar ki damu, abin a fili yake. Mai kyan ta tsohuwa ce, tunda a adaka take. Lalatacciyar ta madafa ce."

Na ɗauki kowace na kai hanci. Mai kyan hayaƙin kara take yi. Gogaggiyar kuwa kanumfari. Na faɗa mashi.

Ya yi dariya ya ce, "Yanzu hanci ne zai yi mana rajista? Sun kwanta bisa juna, wari ya gauraya. Ko ma ta wane ce, ki ba ta mai kyan. Alheri muka yi mata."

Na ce, "Ɗana, in aka ba ka ajiyar akuya ba ka mayar da tunkiya, ko ta fi ƙiba. Ni na karɓo, bakina na bari a gidan can."

Gaskiya ni ma zuciyata ta yi rawa, don maganarsa da hankali a ciki. Sai na ce mu je wurin Gwaggo Hinda da duka biyun. Ya saɓa ordinatar ɗinsa yana gunaguni. Aka yi mashi izini ya tsaya bakin ƙofar ɗaki, tunda ta yi jika da shi.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, mun yi laifi. Taki ta haɗu da ta gidan Alhaji Iro, kuma kamarsu ɗaya. Ga su."

Ba ta yi faɗa ba. Ta shafa ta farko ta ture. Ta shafa ta biyu, babban yatsanta ya tafi kai tsaye ya zauna cikin farin wurin nan kamar turmi da taɓarya. Ta ce, "Ga tawa. Tun ina yarinya, in an ɓata mani rai, nan nake shafawa. Ni na cinye fuskar da hannuna. Rabona da ganinta tun kafin in haifi Sa'idu."

Malam Laminu ya ce, "Inna, miƙa mata wannan." Ya buɗe hoton da ya ɗauka na jaridar Alhaji Iro, ya faɗaɗa soja na uku har ya cika gilashin ordinatar. Na riƙe mata. Ta kawo ido kusa, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "La ilaha illallahu. Ashe kunnuwan nan na Sa'idu a nan ya samo su. Ni kuwa ina ta zagin dangin ubansa!"

Muka yi dariya, ita tana yi tana share ido da bakin zane. Malam Laminu ya ce zai wanko mata hoton a Maradi, kuma ya cika. Gogaggiyar ma bai cire hotonta daga ordinatar ba. Ya zauna ya rubuta dalilin gogewar daga bakinta, ya haɗa da shi.

Daga ranar buro ya kafa doka: ba a kwance kayan gida biyu a tabarma ɗaya. Abin da na koya kuwa, mu labarin da ke cikin takarda muke zuwa nema, shi kuwa ana iya bugo dubu iri ɗaya. Amma mai takarda, hannun da ya taɓa ta yake ajiya. Don haka in kun ga inda takarda ta lalace, kada ku yi saurin cewa sakaci ne. Ku tambayi mai ita tukuna.