Takalmin Baba a Bakin Ƙofa

A cikin duk abubuwan da na gani a shekarun da na yi ina kula da gidajen tsofaffi a Lyon ta ƙasar Faransa, akwai guda ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba. Maganar takalmi ce. Har gobe idan na ga takalmi ajiye a bakin ƙofa, sai na ji gabana ya faɗi.

Ni 'yar Damagaram ce. Karatun gine-gine ne ya kawo ni Villeurbanne da ke jikin Lyon, da na gama kuma na samu aiki a sashen hukumar gari mai kula da tsofaffi da masu rauni. Aikina na gini ne: rufin da ke yoyo, asansar mai hawa da mutane bene da ta tsaya, na'urar ɗumama ɗaki, da wane ɗaki za a ba wa. A lokacin jinina na tafasa, bakina da sauri, kuma ba na son a karkace wa doka ko da kaɗan. Abokan aiki har soja suke ce mini, ni kuwa sunan yana mini daɗi.

Akwai wani tsohon gida na ma'aikata baƙi da ya faɗo hannunmu. Mazaunansa duk dattawa ne da suka zo ƙasar tun suna samari, suka ƙarar da ƙarfinsu a masana'antu, tsufa ya same su a nan. Gidan ya ruɓe, bango na zubar da ruwa, matakala ta fi ƙarfin gwiwoyinsu. Muka mayar da su wani sabon gini, kowa da ɗakinsa da makewayinsa, ga ƙofa mai nauyi da ke rufe kanta saboda gobara, ga jar igiya a wurin wanka wadda in mutum ya faɗi zai ja a zo. Ranar da aka tare, ina yawo ina washe baki kamar da hannuna na ɗora tubalin.

A cikin dattawan akwai wani mutumin Tawa, dogo, mai barkwanci, da nake ce wa Baba. Tunda ya ji ina Hausa ya ɗauke ni ɗiya. Ɗakin da ke kallon nasa na wani Alhaji ne ɗan Cadi, tsohon abokinsa, wanda ba ya son yawan magana. Baba ba shi da kowa a Lyon sai shi. Babban tsoronsa kuwa, ya sha faɗa mini, shi ne a ce ba zai iya zama shi kaɗai ba, a ɗauke shi zuwa gidan jinya inda bai san kowa ba.

Ba a yi sati da tarewa ba na hau bene na tarar da takalma jere a bakin ƙofofi, kamar ƙofar masallaci. Nan take kaina ya ɗau zafi, don dokar masu kashe gobara ta hana ajiye komai a hanyar wucewa, kuma suna gab da zuwa duba ginin. Na ƙwanƙwasa wa Baba, muka gaisa, na faɗa masa.

Ya ce, "Ɗiyata, takalmi ba ya kwana ɗaki."

Na ce, "Baba, doka ce ta pompiye. Kulwar ba a aje komi ciki."

"To mi takalmi ya tare ma wuta? Ku Damagarawa dai, ko ina kunka tahi sai kun yi mulki."

Muka yi dariya. Ni a tunanina maganar tsabta ce, ba ya son dattin titi a inda yake sallah. Sai na sa aka kawo wa kowa ɗan akwatin takalmi, aka ajiye daga ciki, bayan ƙofa. Baba ya dubi akwatin, ya dubi Alhaji, ya ce, "Ba komi, Allah ya yi albarka." Na sauko ina jin na kashe tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ni da na tashi a gaban dattawa, na san in babba ya ce ba komai, sau da yawa akwai komai. Amma ranar kunnen ofis na tafi da shi, na baro na gida.

Aka yi wata da watanni lafiya. Wata ranar aiki da hantsi aka kira ni, aka ce motar asibiti na ƙofar gidan. Ashe tun safiyar jiya Baba ya zame a wurin wanka, ƙugunsa ya karye, ya kwana a ƙasa. Alhaji bai gan shi a ɗakin sallah na gidan ba, ya ɗauka ya riga shi fita zuwa kasuwa kamar yadda yakan yi wani lokaci. Sai da gari ya sake wayewa babu shi, hankalinsa ya tashi, ya sa aka buɗe ƙofar.

A bakin asibiti Alhaji ya gaya mini abin da ban sani ba, ba tare da ya ɗaga murya ba. A tsohon gidan, kowa a waje yake barin takalminsa. In ka fito da safe ka ga na maƙwabcinka babu, ka san ya fita. In ka dawo daga sallah ka tarar yana nan, sai ka ƙwanƙwasa ka ji lafiya. Shekara da shekaru haka suke tsaron junansu, babu wanda ya tsara, babu wanda ya sa wa abin suna.

Na ce, "Alhaji, don Allah me ya hana ku faɗa mini?"

Ya ce, "Hajiya, abin da kowa ya sani, wa zai tuna ya faɗa?"

Da aka bar ni na ga Baba, na tambaye shi dalilin da bai ja igiyar ba, alhali tana kusa da hannunsa. Ya kawar da kai. Ya ce ba sutura a jikinsa, mai amsa kiran kuwa mace ce, sa'ar jikarsa. "Na ce bari in jira, yanzu Alhaji zai ga takalmina ya ƙwanƙwasa." Zafin ciwo ya mantar da shi cewa takalmin na ciki, a cikin akwatin da na saya. Na fita na tsaya a jikin bango, na yi kuka sosai.

Abin da Baba ke tsoro shi ya faru. Likitoci suka ce zaman kaɗaici ya ƙare masa. Wani ɗan ƙanensa da ke Stains ya samo masa wuri a gidan jinya can kusa da Paris, aka tafi da shi. Ni kuma na je wurin jami'in gobara da zancen. Ya saurara, ya ce ai in an kafa 'yar kanta ta ƙarfe a jikin bango, sama da ƙasa, babu abin da ya hana. Maganar ba ta kai tsawon shan shayi ba. Wannan sauƙin shi ya fi ci mini rai.

Bayan an kafa kantocin, wani taron aiki ya kai ni Paris. Na ɗauki takalmin Baba da ya rage a ɗakinsa, na kai masa. Na same shi a keken guragu, ya rame, amma bakin na nan.

Ya ce, "Ɗiyata, ƙahwar da za ta sa su ta yi ritaya. Kai ma Alhaji, shi ya san abin yi."

Alhaji ya karɓa, ya ɗora su a kantarsa, gefen nasa. Daga ranar, kullum ya dawo daga sallar safe ya tarar da su, sai ya shiga ɗaki ya buga wa Baba waya, ya ce, "Takalminka na nan, ka tashi lafiya?" Ni ma duk zagayen da zan yi a benen sai na saci kallonsu.

Wata safiya na hau duba wata fitila da ta mutu, na ga takalmin Alhaji kaɗai a kan kantar. Ban tambayi kowa ba. Na ƙwanƙwasa, na yi masa ta'aziyyar Baba.

Na ci gaba da aikin shekaru bayan haka, doka kuma ban daina bin ta ba, don ita ma rai take tsarewa. Amma na koyi cewa in ka tarar da mutane suna wani abu da ka ga ba shi da amfani, kada ka kawar da shi sai ka zauna ka tambaya me yake riƙe. In kuma dattijo ya ce maka ba komai, ka ja kujera ka sake tambaya.