Surin da Aka Sare a Kwanar Tsere

A gidanmu na Furana, idan sanyi ya kama, kakata Hajo, wadda muke kira Iya, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan isha'i, wai gwiwoyinta ke mata tsami. Mu jikokinta biyar sai mu kewaye ta. Ta iya tatsuniya, ba laifi, amma ko ta ina ta faro sai ta ɓulle ga labari guda. Da zarar ta ce, "Lokacin da Yaya Sale yake da rai," sai 'yan'uwana su fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ni kaɗai nake zama, kuma tsakani da Allah ba don labarin ba, don dankalin da take binnewa a toka ne.

"Matso, angona," in ji ta. "Wannan ba ga-ta-nan ba ce. Da idona na gani."

Ta ce tana yarinya, direbobin da ke kwasar auduga da gyaɗa zuwa Zariya sukan rasa abin yi idan kaka ta wuce, sai gardama ta kaure a tasha: motar wa ta fi gudu? Hanya kuwa guda ce, ga shanu, ga jakuna. Sai suka roƙi wata saura a bayan gari, suka kira gayya kamar ta noma. Da garma da fartanya aka baje kunyoyi, aka fitar da fili zagayayye, aka kafa kara da tsumma a kowace kwana. Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, sai ka ga jama'a daga Saulawa da Ikara, wasu har daga Kudan a kan keke. Akori-kura huɗu ko biyar, an ciccire musu ƙofofi don su rage nauyi, zagaye bakwai. 'Yan mata na ɗebo ruwa a tulu, a yayyafa wa fili, a zuba wa injin da ya tafasa. Sale, wanta uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke cinyewa kusan kullum.

"In ya sha kwana, angona, sai ka rantse motar za ta kwanta. Shi kuwa dariya yake, hularsa a baki!"

A shekara ta uku suka ce fili ya yi kaɗan, a faɗaɗa kwanar gabas. Akwai wani suri a wurin, ya kai tsayin mutum. Suka sare shi, suka daddaɓe wurin da ƙasarsa, ya yi sumul kamar daɓen ɗaki. To, a surin nan Iya ke ɗebo wa 'yan tsakin uwarta gara. Ta taɓa zura sanda a gindinsa, sandar ta shige gaba ɗaya ba ta taɓo komai ba.

"Na je na ce, Yaya, ƙarƙashin nan rami ne. Ya ja kumatuna ya ce, Hajo, je ki ji da kajinki. Maza suka kwashe da dariya. Wallahi har yau dariyar nan tana kunnena."

Ranar tseren, a zagaye na huɗu, ƙafar gaba ta motar Sale ta burma a gurbin surin, mota ta wuntsila. Ba ƙofa, sai ta cillo shi, ta biyo ta kansa. Kafin magariba an yi masa sutura. Mai gari ya hana tseren, aka mayar da filin gonar dawa, manya suka ja bakinsu suka tsuke, kamar ba a taɓa yi ba.

Wani dare da ta kai nan, ni da na shiga aji shida ina ganin na waye, sai na tuntsire da dariya. "Kai, Iya! Tseren mota a Furana? Garin da ko facin keke sai an je Ikara?" Babana yana wucewa da buta, ya ce in ƙyale ta, tsufa ne. Iya ta tura kara cikin wutar. Ta ce, "Ba komai, angona. Ba kai ka fara ba." Daga ranar ba ta ƙara ambaton Sale ba. Takan hura wutarta, ta zauna ita kaɗai, mu kuwa muna can wurin rediyo.

Ta rasu ina Kaduna wurin aiki. Na tarar an riga an kai ta.

Bara motata ta lalace a Makarfi ranar kasuwa. Ina jiran bakanike, sai wani tsoho da ke zaune a benci, idonsa ya yi fari, ya tambaye ni daga ina. Na ce Furana. Ya ce gidan wa? Da na faɗa sai ya laluba ya kama hannuna.

"Jikan Hajo ne kai, ƙanwar Sale?"

"Ni ne, Baba."

"Ikon Allah! Motata ce a bayan tasa ranar. Kuma ni na riƙe digar da aka sare surin." Ya saki hannuna. "Yarinyar nan ta faɗa mana, ɗana. Ta faɗa, muka yi mata dariya. Tana nan?"

Na ce ta jima da rasuwa.

"Allah ya jiƙanta. Kullum ina cewa zan je in ce mata ita ke da gaskiya. Kunya ta hana ni."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da tsohon nake fushi ba. A bencin nan na gane ba hira Iya take mana ba duk shekarun nan. Mutum ɗaya take nema, ɗaya tak, da zai ce mata, "Gaskiyarki." Shi kunya ta hana shi, ni kuwa rashin kunya.

Da aka gyara mota ban koma Kaduna ba, na wuce Furana, kai tsaye maƙabarta. Na yi ta zagaye, ciyawa ta rufe ko'ina, na kasa gane kabarinta, kuma ba kowa a wurin balle in tambaya. Sai na tsaya a tsakiya, na yi wa kowa da kowa addu'a, sannan na ɗaga murya yadda ko tana can ƙarshe za ta ji.

"Iya, angonki ne. Na yarda."