Tamma, mai fasa dutse a Kara-Kara

Sunan da aka raɗa mata Ramlatu, amma a Kara-Kara ba mai kiranta da shi. Kowa Tamma yake ce mata, har yaran da ba su san abin da kalmar take nufi ba.

A Gaffati aka haife ta, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. Uwarta ta riga ta binne 'ya'ya huɗu, ba wanda ya kai yaye. Da ta biyar ta zo, tsofaffin mata suka ce wabi ne, sai an sayar da jaririyar da arha ga wanda ba a kallo, don mutuwa ta raina ta, ta wuce. Uwar ta goya ta, ta tako har Zinder, ta haura Kara-Kara, inda a lokacin aka ware kutare a bayan gari. Nan ta sami wata kuturwa mai suna Jummai zaune a ƙofar bukka.

"Baiwa nake sayarwa," in ji uwar.

"Nawa?"

"Abin da ya sawwaƙa."

Jummai ba ta da yatsu. Da dungun hannu ta turo tamma ɗaya a kan tabarma. Tamma ita ce faran guda, wani ɗan farin ƙarfe mara nauyi. Sai an haɗa biyar ake samun dala. Ta ce, "Na saya. Ki riƙe mini ita ki shayar, in na buƙace ta zan aiko." Aka ɗinke kuɗin a fata aka rataya wa yarinyar a wuya, sunan kuma ya bi ta.

Ta rayu. Amma shekarar da fari ya cinye hatsi da dabbobi, uwarta ta rasu, ubanta ya nufi kudu neman abinci bai dawo ba. Dangi suka duba bakunan da ke gabansu, wani ya tuna ai yarinyar tana da mai ita. Abin da aka yi don a yaudari mutuwa sai ya zama gaske: aka kai ta hannun Jummai.

Jummai ta riƙe ta da kyau. Tamma ce ke ɗaura mata zane, ita ke ba ta fura a baki. Sai dai tashi a gidan kuturu yana da nasa tabo. In ta kai tallan ƙuli Birni, da an ji daga inda ta fito sai a rufe kwano. Wanda ya aure ta shi ne Illa, mai fasa dutse a kariyar, babban ramin da ake haƙar dutsen gini a gefen unguwar. Ta koyi sana'ar a wurinsa: a zauna a rana, a ɗora dutse a kan dutse, a yi ta bugu da guduma har ya zama tsakuwa.

Ta haifi shida, biyar suka koma. Da ta ƙarshe, Ummul Khairi, ta zo, Tamma ta kwance layar wuyanta ta sayar wa Jummai jaririyar da wannan tammar dai, lokacin tsohuwar ba ta ko gani. Ummul Khairi ta rayu. Tun daga nan ba mai iya raba Tamma da wannan imani. Layar ta ɓace daga baya, damina ta rushe ɗakinsu ta tafi da ita. Tari ya ɗauke Illa.

Ummul Khairi ta auri Kassim, ɗan kabu-kabu. Ta haifi biyu, ta binne biyu. Da na ukun ya zo, namiji, aka sa masa Usman, Tamma ta je ta sami surukinta a zaure.

"Ka bar ni in sayar da yaron nan."

"Inna, wannan ai shirka ce," in ji Kassim a hankali, kansa a ƙasa. "Rai na Allah ne. Ba za a yi a gidana ba."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Bayan 'yan watanni aka sace babur ɗin Kassim, ya bi mota zuwa Agadas, daga can labarinsa ya yanke. Nonon Ummul Khairi ya ƙafe. Usman ya fara zawo, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura. A gidan likita aka ce tamowa ce, aka kwantar da su.

Tamma ta ajiye guduma ta shiga Kasuwar Dole neman tamma. Samarin da ke tsaron shaguna ba su gane ba. Ɗaya ya ce, "Tama? Ta maƙera?" Wani ya miƙo mata dala, yana zaton bara take. Ta ce ba ita ba ce, dala ta yi tsada, mutuwa za ta ga yaron yana da daraja. Suka yi dariya, ba da mugunta ba.

A ƙarshe aka nuna mata Baba Gana, wani tsoho ɗan asalin Barno mai sayar da tsakiya da tsofaffin murjani. Ya saurare ta har ta gama.

"Rabona da jin sunan nan a bakin mutum na manta," in ji shi. "Da ƙuruciyata tamma tana sayen goro. Yanzu ko dala an fara ƙin karɓa."

"Baba, ni sunana ne, amma ban san inda ya fito ba."

"Ni ma ji na yi. Mahaifina yana cewa daga tama ne, dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, don mutanenmu sun saba da kuɗin wuri, da suka ga kuɗin Nasara sai suka ce ƙarfe ne kawai. Wani malami kuma da muka yi fatauci tare ya ce a'a, Larabci ne, irin abin da ake rubutawa a ƙarshen littafi, wato ya cika, ya ƙare. Ban san mai gaskiya ba a cikinsu."

Tamma ta ce, "Na malamin ya fi kama da ni."

Baba Gana ya ce ta dawo ranar Alhamis. Da ta dawo ya juye wani tsohon gwangwanin shayi a kan buhu, ya tona cikin maɓallai da allurai masu tsatsa, ya zaro ta. Ta yi baƙi, gefenta ya lanƙwashe. Ya ƙi karɓar komai.

Saura mai saye. Kutaren zamanin Jummai sun ƙare, waɗanda suka rage an yi musu magani, ba sa son a tuna musu. Wata makauniya maƙwabciyarta ta yarda da safe, da azahar ta aiko ta fasa, wai jikokinta sun ce in yaron ya mutu za a ce ita ce. Tamma ta bi gida-gida, kowa ya ba ta haƙuri.

Ta tafi gidan likita da kuɗin ƙulle a bakin zane. Usman yana kwance, an sa masa roba a hanci. Ta kwance ƙullin ta nuna wa 'yarta.

Ummul Khairi ta dubi kuɗin, ta dubi yaron. Ta ce, "Inna, ke ki saye shi mana."

"Ba ya yiwuwa. Jinina ne. Mutuwa ta san ni."

Tamma ta zauna a bakin gado tana yi masa fifita da gefen mayafi. Kafin la'asar ya cika.

Bayan sadakar arba'in, wata mata ta zo unguwar tana tara masu zuwa Aljeriya yin bara. Ummul Khairi ta ba da sunanta. Tamma ba ta hana ta ba, ta dai soya mata gari ta ƙulla a leda, ta raka ta tasha. Sau ɗaya Ummul Khairi ta kira a wayar maƙwabta, ta ce sun isa Arlit.

Tamma ta koma kariyar. Shekarar da ta wuce wani tsinin dutse ya tashi ya shige mata idon hagu, yanzu da ɗaya take gani. Manyan motocin da ke zuwa ɗaukar tsakuwa sun ragu, an ce masu gini sun koma sayen ta inji. Tulin tsakuwarta yana nan a bakin rami, ciyawa ta fara fitowa a gindinsa. Duk da haka kullum da hantsi tana zuwa ta zauna ta ƙara a kai, don ta ce in ta zauna a ɗaki hannuwanta ciwo suke yi.