Inda Jikin Kifi Yake Zuwa

Ranar Juma'ar farko bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji uku, Kawu Sani ya tsayar da farar motarsa a bakin lungunmu na unguwar Hindawiyya, ya ce yalla, mu tafi, yau a bakin teku za mu ci abincin rana. Wan Ummana ne, injiniya, bai daɗe da zuwa daga Kano ba, da iƙamarsa ta izinin zama da kafilin da ya tsaya masa, ba kamar Babanmu ba, wanda ya zo umara tun kafin a haife ni ya yi zamansa babu takarda. Ni da ƙanena Abdu muka hau tsalle. Amma da Kawu ya faɗi sunan gidan abincin, sai na ga Baba ya tsaya cak da hula a hannu, Umma kuma ta duƙa tana gyara takalmin da babu abin da ya same shi.

Ni dai tun ina ƙarama bakina ba ya hutawa, har a islamiyya Uwar Tambaya ake kirana. Babbar tambayata a lokacin kuwa ita ce, wai ina jikin kifi yake zuwa? A gidanmu kai kawai na sani. Kullum da la'asar Baba zai shigo da baƙar leda tana ɗiga, mu zauna a tsakar gida ƙarƙashin igiyar shanya, ni da kwano, Abdu da sandar korar kyanwoyi, Umma tana wanke kawunan da gishiri da lemon tsami. Ta yi farfesu, ta zuba a miyar kuka, wata rana ta soya. Ta sha gaya mana cewa a gidansu kan kifi na maigida ne, yaro ba ya taɓawa. Baba sai ya raba mana ɗaya-ɗaya yana dariya, ya ce, "A gidan nan kowa maigida ne." Wallahi gata na ɗauka ake yi mana. Ban san cewa dangi, har da Kawu, "harkar kifi" kawai aka ce musu Baba yana yi ba. Ban kuma san a bayan wannan gidan abincin yake yini yana kankare ɓawo da yanke kawuna ba, ga shi bai taɓa shiga ta ƙofar gaba ba.

Wurin tsohon gini ne, sanyi kamar cikin firji, bango duk hotunan jiragen ruwan masunta na da, teku tana lumshi ta bayan gilashi. Aka kai mu gaban wani dogon tebur na ƙanƙara mu zaɓi kifi. Kai! Ga kifin najil jawur, ga kifin hamur mai ƙaton baki, ga jatan lande, ga ƙaguwa, kowanne da jikinsa cikakke har wutsiya. Na sa yatsa na taɓa, Umma ta make min hannu. Baba ya zaɓi kujerar da ta ba ƙofar kicin baya, ya ja hularsa har gira. Wani dattijo Basudane mai furfura ya zo da farantai, ya dubi Baba ido cikin ido, sannan ya gaishe shi da ladabi kamar yau ya fara ganinsa.

Abinci ya iso, tsoka fara sol a kan shinkafa, babu ƙaya, babu ido, babu komai. Na duba ƙarƙashin shinkafar ma. Sai na ja hannun rigar dattijon, na kira shi baffa da Larabci, na ce, "Ya ammu, to ina kawunan?" Ya saci kallon Baba. Kawu ya kwashe da dariya, ya ce, "Shara mana, ’yar nan. Wa zai ci kai a irin wannan wuri?" Abdu da gurguwar Hausarsa ya ce, "Mu muna ci kullum, Baba yana kawo." Umma ta rufe fuska da mayafi.

Baba ya ajiye cokali mai yatsu, ya tura hularsa baya. Ya ce, "Yaya Sani, a bayan ƙofar can nake aiki. Ni nake yanke su. Da su nake ciyar da ƙanwarka da ’ya’yanta." Kawu ya ture farantinsa gefe. Can ya kira dattijon, ya ce a gaso mana kawunan kifin da muka zaɓa. Da aka kawo, ya naɗe hannun riga, ya tura mafi girma gaban Baba ya ce, "Maigida, bismilla." Baba ya sa hannu ya ɓare kuncin hamur ɗin, ya fara miƙo min, kamar yadda ya saba.

Daga baya kamen marasa takarda ya mayar da mu Kano, a can Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Bara na je umara, na nemi wurin, yana nan, sai dai dattijon ba ya nan, lungunmu ma an rushe shi. Na zauna ina fuskantar ƙofar kicin, na ce kan kifi nake so, saurayin da ke hidima ya maimaita tambaya don ya tabbatar. Na ci ni kaɗai da hannu, kewa ta cika min ƙirji. Na gano inda jikin kifi yake zuwa, amma ban ƙara ƙoshi irin na gidan da kowa maigida ne ba.