Abin da Almakashi Ya Datse

A layin masu gyaran waya, a saman shagon mai sayar da fanka, akwai wani ɗaki da aka liƙe bangonsa da soso don kada ƙarar titi ta shigo. Nan Almakashi yake ɗaukar murya, yana haɗa kiɗa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Mawaƙa ne suka laƙaba masa sunan. In ka yi tari a tsakiyar waƙa, ko ka haɗiye yawu, ko ka ja numfashi da ƙarfi, kafin ka sauko daga benen ya datse su duka. A gida kuwa Auta ake ce masa, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Da ido yake aikinsa. Murya a allon kwamfuta tana fitowa kamar jerin tsaunuka. Waƙa tsaunuka ne masu tsari, surutu kuwa 'yan tuddai ne barkatai. Ya ƙware har ba ya ɓata lokacin saurare: ya ga tudu, ya datse. Kuma duk Asabar sai ya goge ɗanyen ɗauka ya bar tatacce, don kwamfutarsa kullum kukan cika take.

Mahaifinsa tsohon direban babbar mota ne. Yana da wata waƙa da ya haddace tun yana yaro, irin ta mutanen da, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana yawo a baki. Tana bin mutum tun daga lokacin da masu rakiya suka juya suka bar shi a kabari, zuwa tambaya, zuwa awon ayyuka, har kan siraɗi. Da ita Baba yake korar gyangyaɗi a kan hanya.

"Wanda ke tuna kabari ba ya barci a sitiyari," in ji shi.

Wani mawaƙi ne ya kawo shawarar, wanda ake kira Mai Gilashi don ko a cikin ɗaki ba ya cire baƙin tabarau.

"Almakashi, mutane sun gaji da ina sonki, ina sonki. A ɗan tsorata su mana. Kawo tsohon nan naka, mu shimfiɗa masa kiɗa mai sanyi, ni in yi amshi."

Da aka gaya wa Baba, sai ya kalli ɗansa sama da ƙasa.

"Mutuwar ma sai kun buga mata ganga?"

"Ba ganga, Baba. Piyano ne, a hankali."

"To, in dai ba za a ce in yi rawa ba. Gwiwa ta ƙi."

Sau biyu suka huta kafin su kai saman benen. Baba ya zauna gaban makirufo, ya gyara hula, ya fara. Yana yi yana tari, yana manta baiti ya koma baya, yana dariyar kansa. Ana cikin haka Mai Gilashi ya kira daga ƙasa, wai ya kawo sabuwar sifika, a zo a kama masa.

"Baba, ci gaba kawai, na'ura tana ɗauka. Yanzu zan dawo."

Da ya dawo ya tarar da tsohon yana share ido da bakin riga.

"Lafiya, Baba?"

"Ɗakin nan naka ba iska. Ina muka tsaya?"

Minti hamsin aka ɗauka. Almakashi ya tace su suka koma huɗu da rabi. Ya cire tarin, ya cire dariyar, ya miƙar da rawar da muryar tsufa ke yi. Asabar ta zo, ya yi abin da ya saba.

Waƙar ta karɓu. Ana jin ta a motocin haya, a shagunan aski, a wayoyin 'yan mata. Sau ɗaya Baba ya saurare ta.

"Wane ne wannan? Ai ya fi ni iyawa."

Bayan wata huɗu ya rasu.

Yayar Almakashi ma'aikaciyar jinya ce, ita ta yi jinyar Baba har ƙarshe. Amma tsakaninta da Baba, tun tana budurwa, daga gaisuwa sai ka sha magani. Lokacin da mahaifiyarsu ta yi ciwon ajali Baba yana kan hanya, bai iso ba sai bayan an binne ta, kuma Yaya ce kaɗai a gefen gadon. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi ma haka.

Wata rana da hantsi ta kira ƙanenta a waya.

"Auta, kwana biyu kafin Baba ya cika ya ce min akwai abin da ya kasa faɗa min ido da ido. Ya ce ya faɗa wa na'urarka ranar da ka fita ka bar shi. Ka turo min."



"Yana nan, Yaya. Zan nemo."

Tun kafin ya ajiye wayar ya san ƙarya ya yi. Duk da haka ya nema. Ya zazzage tsoffin filas na ajiyar kayan kwamfuta daga aljihun tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki kwamfutar ya kai wa mai gyara, mutumin ya kwana biyu a kanta, sannan ya girgiza kai.

"Malam, an hau kansa da wani abu, ba sau ɗaya ba. Abin da na tono, tallar sabulu ce."

Ya daina ɗaga wayar Yaya. In waƙar ta tashi a mota sai ya sauka tun bai kai inda za shi ba. Matarsa ta gaji da gani.

"Yaya ta kira ni. Ta ce in tambaye ka ko wayarka ta faɗa ruwa."

A sati na uku sai ga Yaya da kanta, da kayan aiki a jikinta, tana haki daga hawan bene. Ta zauna a kujerar mawaƙa, ta ɗora jaka a cinya.

"Na zo da filas ɗina. Zuba min in tafi, ƙarfe biyu zan karɓi aiki."

"Yaya, babu."

"Babu me?"

"Na goge. Tun satin da aka ɗauka. Haka nake yi wa kowa, ban ware na Baba ba."



"To, shi ke nan. Ai ka ji lokacin da kake gyarawa. Me ya ce?"

"Ban saurara ba. Na ga ba waƙa ba ce, na datse."

"Ka gani. Da ido."

"Da ido, Yaya."

Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa ya so ta yi. Sai ta matso da kujerar kusa da allon.

"Nuna min wurin."

Ya buɗe aikin. Tsakanin baitin awo da na siraɗi akwai wani siririn layi, alamar inda aka haɗe bakin yanka biyu. Ya ɗora 'yar kibiyar kwamfuta a kai, tsawon abin da aka cire ya fito a gefe.

"Nawa ke nan?"

"Minti shida da daƙiƙa goma sha huɗu."

"Shida," ta maimaita. Ta sa ɗan yatsa a kan layin, ta bar shi nan. "Tunda aka haife ni, Baba bai taɓa yi min maganar minti shida a jere ba."

"Yaya, ki yafe min."

Ta miƙe, ta rataya jakar, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba.

"Ba yau ba, Auta. Amma ka riƙa ɗaga waya."