Maxine Ta Yi Cara

Nadine Hruska wanki take yi a gidan kula da tsofaffi, a wani ƙaramin gari na jihar Nebraska. Zanin gado, tawul, rigunan barci, kullum su ke nan. Ta haura sittin. Mijinta Duane ya rasu, 'yarta tana can Oregon, sai ranar biki take kira, shi ma rabin hirar da yaranta take yi. In Nadine ta dawo daga aiki, ba abin da ke magana a gidan sai firji.

Da sanyi ya fara sassautawa, ta shiga shagon abincin dabbobi neman gishirin narkar da ƙanƙarar bakin ƙofa. Gishirin ya ƙare. Amma an kawo 'yan tsaki, an zuba su a kwatarniyar ƙarfe, an rubuta a jiki cewa duk mata ne. Ta sa yatsa ciki don wasa kawai. Duk suka watse, sai guda ɗaya mai ruwan toka, ta taho da gudu ta caki zobenta.

Shi ke nan fa. Ta fita da kwali mai kuka, shida a ciki.

Mai shagon ta so ta haɗa mata da jan kwan fitila na ɗumama su. Nadine ta ce a'a, ta ga garejin da irin wannan kwan ya ƙone a garin nan. Ta je gida ta zaro ƙyallen ɗumi na lantarki, wanda Duane ke ɗorawa a bayansa in ciwo ya tashi. Ta lanƙwasa ragar waya kamar ɗan kogo, ta shimfiɗa ƙyallen a kai, ta rufa da tsohon tawul, ta sa a cikin babban kwali a ɗakin wanki. Wato uwa ke nan. Ɗan tsako in ya ji sanyi sai ya kutsa ƙasa ya manna bayansa da ɗumi, in ya ji yunwa ya fito.

Abin ya yi aiki. Ya ma yi aiki fiye da yadda take so. Suna shiga sai ɗif, ko cuwi babu. Ta kifa bokiti ta zauna, kofin kofi a hannu, tana kallon tawul. Ta sayo abokan zama, ga shi su ma sun shige ɗaki sun bar ta.

Sai mai ruwan tokar nan. Ita ba ta zaman ciki. Za ta leƙo, ta hau saman tawul, ta miƙe wuya ta ƙare wa Nadine kallo da ido ɗaya. Kafin mako ya zagayo ta iya tsalle zuwa gwiwarta. Nadine ta sa mata suna Maxine. Sauran ma ta ba su suna, amma ta kasa riƙewa, don ba wadda ta damu da ita.

Maxine ce ke jin labarin aiki. Wane tsoho ya ɓoye biskit a aljihun riga har ya shiga injin wanki, wace ma'aikaciya ke zuwa a makare. Nadine na magana, ita tana tsintar gashin rigar sanyinta.

Suna girma tana ɗaga ragar sama kaɗan kaɗan, tana rage zafin. Suka shiga lokacin muni, rabi gashi rabi fiffike, wuya kamar an fige. Ƙura ta rufe saman injin wanki. Daga baya ba mai shiga kogon ma, duk a kai suke kwana suna ɓata tawul. Ta kashe ƙyallen, ta kwashe su zuwa akurkin da ta haɗa a bayan gida.

A nan Vern ya gan su. Vern maƙwabcinta ne, tsohon direban motar madara, kunne ɗaya ya mutu, bakin kuwa lafiya lau. Ya jingina da shinge yana ci musu ido.

"Ke Nadine, wannan mai tokar fa, wa kika ce sunanta?"

"Maxine."

"Maxine! Dubi ƙafafu kamar na ɗan kokawa. Dubi zanko ja wur tun yanzu. Baiwar Allah, wannan ai ƙato ne."

"Je ka gyara tabaraunka, tsoho. An rubuta mata ne."

"An rubuta! Ni ma an rubuta a lasisina ina gani da kyau. Tsaya, ke kika zaɓa da hannunki, ko? Wanda ya rugo gare ki?"

Ta juya tana zuba musu ruwa.

"To ai shi ke nan. Duk mai kaji ya sani, wanda ya fi rawar kai a kwatarniya shi za ka bari. Matan gudu suke yi. Kin je kin zaɓo mai gida."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi, Vern."

Dariya ya yi har da tari. Ita ba ta yi ba, don ta san dokar garin kamar yadda kowa ya sani: kaji mata an yarda, zakara kuwa a'a.

Ta ƙi yarda. Gashin wuya ya yi tsini yana sheƙi, ta ce irinsu ne haka. Jela ta lanƙwaso, ta ce ƙoshi ne. Har wata safiya tana ɗaura takalmin aiki ta ji wani abu daga bayan gida kamar an ja tsohuwar ƙofa mai tsatsa. Ta fita. Maxine na tsaye kan bokitin ruwa, ƙirji a waje, shi kansa ya tsorata da abin da ya fito daga bakinsa. Ya sake gwadawa.

Ba ta canza masa suna ba.

Ta fara ɓoyo. Da yamma ta sa shi a kejin kare ta kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta rufa bargo, sai rana ta ɗaga ta fito da shi. Amma zakara ba ya duba agogo. Tsakar rana ma cara yake, muryar kuma kullum ƙara gogewa take. A ƙetaren titi akwai wata ma'aikaciyar jinya mai aikin kwana, da rana take barci. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai zo bakin ƙofa da kumburarrun idanu ta ce, "Don Allah, Mama Nadine." Bayan ita sai mutumin hukumar gari, shi ma cikin ladabi, ya ce ta rabu da zakaran zuwa ƙarshen wata.

Ta sa hotonsa a intanet, a dandalin masu kaji na yankin: kyauta, ga wanda zai riƙe shi da kyau. Ashe bazara ce, kowa da nasa Maxine ɗin. Hotunan zakaru jere, duk kyauta, duk masu hankali, duk suna son yara. Mutum ɗaya ya zo da akori-kura cike da keji. Bai tambayi sunansa ba, ƙirjinsa ya latsa da babban yatsa.

"Ajiye shi," in ji Nadine.

"Ke fa kika ce kyauta."

"Na fasa. Ajiye min abina."

Vern na daga shinge yana kallo. "Da kin bari, da yau ya kwana a tukunya da dankali."

"Vern, wallahi yau ba na wasa."

Ya dube ta, ya cire hula ya sosa kai. Washegari ya ƙwanƙwasa mata. Wai akwai wata mata da yake ɗaukar madara a gonarta da can, Lorna Dvorak, dila ya cinye mata zakara. Nesa ne fa, ya ce, sai an wuce kogi.

Ranar Asabar ta sa kejin a kujerar gaba ta ɗaure da bel. Duk hanya tana yi masa bayani, gonakin masara na wucewa. Lorna ta fito da takalmin roba, ta leƙa kejin.

"Kai, kyakkyawa ne. Me sunansa?"

"Maxine."

"To, ba ruwana. Sake shi."

Nadine ta buɗe, ta rungume shi a ƙirji, tana so ta ɗan ƙara riƙewa. Ya hango kajin Lorna a gindin rumbu. Ya fizge, ya dira, ya saki fiffike ɗaya ƙasa ya nufe su yana rangaji. Ta kira sunansa. Ta sake kira.

"Zan iya zuwa ganinsa wani lokacin?"

"Zo mana, ƙofa a buɗe take," in ji Lorna. "Amma kada ki sa rai, kin ga dai ya samu aikin yi."

Lorna ta ce ta shigo ta sha kofi. Nadine ta ce hanya da nisa. Ta mayar da kejin bayan mota, ta tsaya riƙe da murfin but ɗin har ya yi cara daga bayan rumbu, sannan ta rufe ta tayar da mota.