Samirar da Goggo Ta Sayo a Idumota

Jiya da hantsi murfin samira ya suɓuce daga hannun 'yata, ya faɗi kan siminti, ya yi ta juyi yana ƙara kafin ya kwanta. Ina ɗaki na ji, kuma tun kafin in leƙo na san wane murfi ne. Ta ɗauka tana jujjuya shi, ta ce, "Umma, wannan fa ya isa a ba 'yan gwangwan. Dubi yadda fentin ya ɓantale." Na ce ta mayar da shi inda ta ɗauko. Ba laifinta ba ne. Ita tsohon kwano ta gani mai jajayen furanni da tsatsa a baki. Ni kuwa ƙarar nan ta ɗauke ni cak, ta dire ni a gidanmu na Agege, ina 'yar yarinya mai siraran ƙafafu da rawayen idanu.

Gidan haya ne irin na Legas, dogon lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Layin dogo yana bayanmu, duk sanda jirgi ya wuce sai kwanukan gidan gaba ɗaya su hau kaɗawa. Da safe ƙamshin burodi ke tashin mu daga gidan burodin da ke kan kwana. Babanmu tumatir yake sayarwa a kasuwar Mile 12, ba ma ganin sa sai yamma, ya dawo rigarsa na warin kwando. A gidan nan aka haife ni, da sikila a jinina.

Mai karatu, in ba ka da ita, ba zan iya gaya maka yadda take ba. Ka dai ɗauka an sa ƙashinka a turmi ana daka, kai kuma kana raye kana ji. Sanyi take so, damina kuwa a Legas ba ta san sallama ba. Sauran yara in hadari ya haɗo murna suke, su tuɓe su shiga ruwa. Ni sai in zauna bakin ƙofa ina sauraron gwiwata, ko ta fara magana.

Kafin ni Innarmu ta haifi biyu, mace da namiji, duka ciwon nan ya ɗauke su. Shi ya sa Iya mai gida, Bayarabiyar da muke haya a wurinta, in ta gan ni sai ta girgiza kai ta ce "abiku" ƙasa-ƙasa. Matan Hausawa kuma su ce 'yar wabi ce, wato irin yaran da ke zuwa leƙen duniya su koma. Suna zaton yaro ba ya ji. Wallahi yaro yana ji, har abin da aka faɗa da ido.

A ɗakin ƙarshe, kusa da rijiya, akwai wata mata da gida duka ke kira Goggo. Ba dangi muke ba ko ta kusa ko ta nesa. Kunun gyaɗa take damawa ta kai bakin tasha, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa. A idon sawunta akwai gyambo da ya ƙi warkewa, kullum ɗaure da tsumma fari tas. Ga baki, in ta fara tsiya sai ka nemi wurin zama.

Wata la'asar ciwo ya kayar da ni, ruwa na zuba kan kwano, mata sun cika ɗakinmu kowa na "sannu, yi haƙuri, daina kuka." Sai ga Goggo da butar ruwan zafi da tawul a kafaɗa. Ta ce duk su ba ta wuri, har da Innarmu. Ta zauna bakin katifa, ba ta ce mini sannu ba. Cewa ta yi, "Ina ya kama?" Na nuna ƙugu. Ta matse tawul ta ɗora daidai wurin, ta danna da tafin hannu yadda ba wanda ya taɓa dannawa, ba da ƙarfi ba, ba kuma da tsoro ba. Ta ce, "Yi ihunki. Wanda ihun ya dama ya toshe kunnensa."

Da ciwon ya ɗan lafa, ta matso da fuskarta, ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa. Rawaya ne, irin nawa sak. Sannan ta ture ɗankwalinta baya, ta nuna mini furfurar da ta fito mata a gaban goshi. Ta ce, "Ni ma an ce ba zan yi azumin fari ba. Waɗanda suka faɗa, rabinsu ni na je gaisuwar mutuwarsu." Ina cikin hawaye dariya ta kuɓuce mini. Ban taɓa sanin mai ciwonmu yana yin furfura ba sai ranar.

Daga nan na zama 'yar ɗakinta. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Akwai Kawu tela da ke da shago a bakin layi, wanda ciwon ya ci masa ƙugu har yake dogara sanda. Su biyu suna da wata al'ada tun kafin a haife ni: da hadari ya haɗo, wanda ke tsaye zai je ya duba wanda ke kwance, ba sai an aika ba. Ciwon ma suna suka sa masa, wai Oga. Kawu zai tsaya a bakin ƙofa ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce, "Goggo, Oga ya iso ne?" Ita kuma ta ce, "Yana hanya, cunkoson motocin Oshodi ya riƙe shi." In kuwa ya iso, to a kunna kurfoti, a ɗora ruwa, a buɗe man zafi. Aka sa ni ta uku.

Ina kewar ɗakin nan, kewa mai tsanani. Warin gawayi da man zafi da gyaɗar da ake soyawa, ruwa na dukan kwano, mu uku zagaye da wuta, Kawu daga bakin ƙofa a kan kujerarsa. Goggo ta ajiye mini kofin ruwa ta tsare ni da ido sai na shanye, ta sake cikawa. A can ba wanda ke kallo na da tausayi. In na yi rashin kunya a zage ni, in na yi ƙarya a kama ni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa yoyonmu ɗaya ne.

To, ka san al'adar iyayenmu mata. Tun yarinya na goye uwa ke fara tara mata kayan ɗaki, yau kwano, gobe faranti, a tura ƙarƙashin gado, har ranar da za a kai ta ɗakin miji a jere mata. Ba don auren ya matso ba ne, a'a, haka dai uwa ke nuna tana hango 'yarta da girma. Duk sanda Innarmu ta ɗauki adashi sai ta tafi Idumota, inda ake sarin kaya, ta dawo da ƙulli. Ni da ƙanwata, wadda Allah ya ba lafiya, mukan leƙa ƙarƙashin gado mu ƙirga furannin jikin kwanukan. Ban taɓa tambaya ba, don a zatona namu ne mu biyu.

Ranar da ta dawo da wasu samiru masu ruwan ƙwai, na durƙusa kusa da ita tana kwance ƙullin, na ce, "Inna, wanne ne rabona?" Hannunta ya tsaya. Ba ta kalle ni ba, ta ce, "Waɗannan na ƙanwarki ne. Ke dai Allah ya ba ki lafiya tukuna." Na ce, "Na ƙarƙashin gadon fa?" Sai ta ci gaba da turawa ƙarƙashin gado.

Ban yi kuka ba. Maganar Iya mai gida ban taɓa ɗaukar ta da nauyi ba, amma wannan uwata ce, wadda ke kwana zaune in ina ciwo. In ita ba ta ga ranar aurena ba, to babu ranar ke nan. Na daina zuwa makaranta, na ce kaina ke ciwo. Maganin da ake karɓo mini a asibiti na daina sha, ruwan ma sai an yi da gaske. Hadari ya haɗo, Kawu ya buga sanda a ƙofar Goggo, ban fito ba. Mene ne amfanin gasa ƙashin da ba zai daɗe ba?

Goggo ta biyo ni har bayan rijiya inda nake zaune, ta tsaya a kaina. "'Yar ɗakina, Oga ne ko mutum?" Na gaya mata duka. Na zaci za ta yi tsiyar da ta saba, ta sa ni dariya. Sai kawai ta ja ƙafarta ta koma ɗaki.

Washegari ba ta dama kunu ba. Aka ce tun da safe ta fita, ga gari ya yi baƙi ƙirin. Kawu ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofarta, ya yi ta faɗa shi kaɗai, wai wace irin mata ce za ta fita da gyambo a rana irin wannan. Aka tsuge da ruwa, aka ƙi ɗaukewa. Sai bayan la'asar ta shigo, jiƙe sharkaf, leɓunanta sun yi fari, tsumman ƙafarta ya rine da taɓo. Daga wannan danfo zuwa wancan, wato motocin hayar Legas, har Idumota ta je. Ta rungume wani abu a cikin zani.

Ko ɗakinta ba ta shiga ba, namu ta nufa. Ta kwance zanin a gaban Innarmu, sai ga samira guda ɗaya, fara mai jajayen furanni. Ta durƙusa da ƙyar, ta ture kayan ƙanwata gefe, ta tura ta ƙarƙashin gado. Ta ce, "An fara wa wannan yarinyar. Sai ki ɗora."

Innarmu ta rufe fuska da gefen mayafi. Ta ce, "Goggo, na tara wa babbar yayarta. Sai da na cika mata kwali. Da ta tafi, da hannuna na rarraba, har yau in na ga kwanon a gidan wata sai in kasa cin abinci. Ba zan iya sake wannan ba." Ranar na fara sanin abin da ke ƙarƙashin shirunta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Goggo ta ce, "Na sani. Uwata ma tsoron nan ta ji, ba ta tara mini ko cokali ba. Da kwanukan aro aka jere mini ɗaki, bayan biki masu su suka zo suka kwashe. Ga ni nan ban mutu ba, kuma har yau abin yana raina. In Allah ya ɗauke ta, kin yi asarar kwano. In ya bar ta fa?"

Kafin magariba Oga ya iso ɗakin Goggo, ya kuwa zo da fushi. Ban jira an kira ni ba. Na hura kurfoti, na ɗora ruwa, na zauna bakin katifarta, na ce, "Ina ya kama?" Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ko'ina, 'yar nema. Fara da baya." Sai da aka kai ta asibiti aka ƙara mata jini. Da ta dawo, abin da ta fara tambaya shi ne ko ina shan ruwa. Ina sha, na kuma koma makaranta.

Innarmu ba ta taɓa tada zancen ba. Amma adashi na gaba da ta ɗauka, ƙulli biyu ta dawo da su, ta tura ɗaya kusa da samirar Goggo. Da sallah ta zo kuwa, na ji ta da kunnena tana ce wa Kawu tela ya bar wa rigata kalmasa mai faɗi, saboda yarinya tana tsawo.

Goggo ba ta ga jeren ba. Ta rasu ana saura damina ɗaya a ɗaura mini aure, Kawu ya bi ta ba da jimawa ba. Ranar jere Innarmu ta hana kowa taɓa samirar, ita ta ɗora ta a can saman sauran da hannunta.

Yanzu an rushe gidan, shaguna ne a wurin. Abubuwa da yawa sun gyaru, ba zan yi butulci ba. Ana gwajin jini kafin aure, ni ma sai da aka gwada mijina, shi ya sa 'yata ke shiga ruwan sama ina kallo. Muna da zaure a waya, masu sikila daga Legas har Kano, in na rubuta cewa ina kwance, kafin in ajiye wayar addu'o'i sun cika ta. Ina jin daɗinsu. Sai dai waya ba ta matse tawul, ba ta buga sanda a ƙofa. Har yau in hadari ya haɗo nakan kasa kunne, ko zan ji an tambaya ko Oga ya iso.

Furfura ta fito mini a gaban goshi, daidai inda ta Goggo take. Da ma tana nan ta gani, na san sai ta ce tata ta fi kyau. 'Yata ta sha kawo mini maganin rini, ina mayar mata. Akwai wata yarinya da suka tare a layinmu bana, mai siraran ƙafafu, na ga idanunta ranar da ta zo sayen ƙanƙara, na kuma ga yadda uwarta ke kallon ta. Yau tun safe gari ya fara haɗewa ta gabas. Na riga na ɗora ruwa, tawul yana kafaɗata, ɗankwalin nan kuma zan ɗaura shi baya-baya yadda za ta gani da kyau.